Internet Archive a Ma'aunin Mai Binciken Tarihi

Mai binciken tarihi yana fuskantar kowace takarda da tambayoyi biyu: ina zan same ta, kuma idan na same ta, har ina zan amince da ita? Taskar Internet Archive, wadda Brewster Kahle ya kafa a birnin San Faransisko na Amurka a shekarar 1996 a matsayin ƙungiyar da ba ta neman riba, ta sauƙaƙa tambaya ta farko ta yadda masu binciken da suka gabace mu ba su taɓa zato ba. A kan tambaya ta biyu nake son in auna ta, domin na daɗe ina amfani da ita, kuma na lura cewa mutane da yawa, har da masu ilimi, suna ɗaukar samuwar takarda a cikinta tamkar shaida ce ta ingancin takardar. Hukuncina tun daga farko shi ne wannan: wajen kai mai bincike gaban shaida, ban san wata taska ta kyauta da ta kama ƙafarta ba, amma darajar abin da ke cikinta ta bambanta ƙwarai daga wani sashe zuwa wani, alhali a fuskar kwamfuta duk kamanninsu ɗaya.

Taskar kashi biyu ce. Kashi na farko ɗakin karatu ne mai ɗauke da miliyoyin littattafai da jaridu da mujallu da muryoyi da finafinai, waɗanda mafi yawansu ana buɗe su ba tare da yin rajista ba. Kashi na biyu shi ne Wayback Machine, wanda aka buɗe wa jama'a a 2001, mai adana shafukan intanet kamar yadda suke a ranar da aka ɗauke su, kuma a 2025 taskar ta sanar da cewa shafukan da ta adana sun kai tiriliyan ɗaya. Amfanin wannan kashi na biyu a fili yake ga wanda ya san yadda intanet ke cinye tarihinta: binciken da cibiyar Pew ta fitar a 2024 ya nuna cewa kashi 38 cikin 100 na shafukan da suke nan a 2013 ba a iya samunsu bayan shekara goma.

Ma'aunin da zan yi aiki da shi tsoho ne. Malaman hadisi sun raba binciken labari gida biyu, wato isnadi, hanyar da labarin ya biyo, da matani, abin da labarin ya ƙunsa, kuma masana tarihi na Turai sun isa ga irin wannan rabo ta tasu hanyar, tun daga aikin Jean Mabillon na 1681 a kan tantance tsofaffin takardun masarautu da majami'u. Cikin hanyoyi takwas na ɗaukar hadisi da malamai irin su Ibn al-Salah suka lissafa, ta ƙarshe ita ce wijada: mutum ya tsinci rubutu da aka jingina wa wani malami, bai ji daga bakinsa ba, bai kuma karɓi ijaza daga gare shi ba. Ba su haramta amfani da irin wannan rubutu ba, amma sun wajabta wa mai shi ya ce “na samu a rubutun wane”, kada ya ce “wane ya ba ni labari”. Duk abin da mutum ya ɗauko daga intanet a wannan matsayi yake, saboda haka abin da ya kamata a tambayi kowace taska shi ne: nawa take nunawa daga cikin hanyar da takardar ta biyo kafin ta iso gare ta?

A wannan ma'auni, sashen da ya fi kowanne ƙarfi shi ne na littattafan da aka ɗauki hotonsu daga ɗakunan karatu na jami'o'i da na gwamnatoci da suka yi haɗin gwiwa da taskar. Idan mai karatu ya buɗe irin wannan littafi, zai ga bangonsa da tsagewar da ke gefensa, ya ga hatimin ɗakin karatun a shafin farko, da lambar wurin ajiyarsa da wani ma'aikaci ya rubuta da fensir shekaru da yawa da suka wuce, wani lokaci har da takardar aro da ke manne a bangon baya. A ƙarƙashin hoton akwai bayanin wanda ya bayar da littafin, da inda aka ɗauki hotonsa, da ranar da aka saka shi, da adadin shafukansa. Waɗannan ƙananan abubuwa su ne isnadin kwafin. Suna nufin cewa akwai littafi na takarda a wani gini sananne, wanda duk mai shakka zai iya nema a fito masa da shi ya gwada da hoton. Mutane sukan tsallake waɗannan shafuka da gaggawa domin su kai ga abin da suke nema, ni kuwa a ganina su ne mafi tsadar abin da taskar ke bayarwa.

Misali ɗaya ya isa ya nuna girman wannan ni'ima. Tarihin Ɗabari, wanda ya rasu a 923, an buga shi a birnin Leiden na Holan ƙarƙashin jagorancin masani de Goeje tsakanin 1879 da 1901, kuma a ƙasan kowane shafi na wannan bugu akwai bayanin inda rubuce-rubucen hannu suka saɓa wa juna, wanne ya ƙara kalma, wanne ya rage. A da sai wanda ke kusa da babban ɗakin karatu ne ke iya ganin wannan bugu; yanzu yana gaban duk mai waya. Muhimmancin hakan shi ne Ɗabari da kansa ya gargaɗi mai karatu a gabatarwarsa cewa shi mai isar da abin da aka isar masa ne, kuma idan an ga labarin da hankali ya ƙi, alhakin yana kan wanda ya ruwaito. Yakan jero ruwayoyi masu karo da juna a kan lamari ɗaya, kowace da isnadinta, wasu ta hanyar mutane irin su Saif bin Umar da malaman jarhu da ta'adili, masu tantance masu ruwaya, suka raunana. Marubucin zamani yakan yanko ruwaya ɗaya, ya jefar da isnadin, ya rubuta “Ɗabari ya ce”. Da wannan taska, mai karatu yana iya komawa shafin, ya ga wanda ya faɗa wa Ɗabari, ya kuma ga ruwayar da ke biye wadda ta ce akasin haka. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa in yaba mata.

Sai dai a gefen waɗannan littattafai masu asali akwai wani tari mai girman gaske, domin duk wanda ya yi rajista yana iya ɗora abin da ya ga dama, kuma shi ne zai rubuta sunan littafin da na mawallafin da shekarar bugu. Wannan buɗaɗɗiyar ƙofa ta ceto abubuwa masu yawa da babu wata hukuma da ta damu da su, kamar ƙananan jaridu da ƙasidu da littattafan harsunan da manyan ɗakunan karatu suka yi wa riƙon sakainar kashi, kuma ba na fatan a rufe ta. Amma tana da farashinta. A wannan sashe ana samun littafin da aka cire masa shafin farko ba a san bugun wace maɗaba'a ba ne, da mujalladi na uku da aka yi wa laƙabi da na biyu, da shekarar da aka rubuta wadda ta sake bugu ce ko ta ɗaukar hoto, da rubutun da wani ya sake bugawa a kwamfuta babu lambobin shafi babu hanyar sanin abin da ya gyara ko ya tsallake. Babban aibin tsarin taskar a wurina shi ne sakamakon bincike yana jero waɗannan tare da na ɗakunan karatu cikin riga iri ɗaya. Bayanin da zai bambanta su yana nan, amma sai an gangara ƙasa an neme shi, kuma sai wanda ya riga ya san yana buƙatarsa ne zai nema. Da za a sa wata alama bayyananniya tun a jerin sakamako mai nuna cewa wannan kwafi daga sanannen ɗakin karatu ya fito, wancan kuwa daga hannun wani mutum, da an rage kurakurai masu yawa.

Haka nan taskar ba ta yanke hukunci a kan gaskiyar abin da littafi ya ƙunsa, kuma a nan ina tare da ita. Takardun ƙage su ma madogara ce ga mai nazarin yadda ƙarya ke yaɗuwa. Ƙasidar nan da aka fara bugawa a Rasha a 1903 da sunan wai bayanan asirin dattawan Sahayoniya, wadda Philip Graves na jaridar The Times ya tona a 1921 cewa an kwashe sassa masu yawa nata daga littafin Maurice Joly na 1864 mai sukar Napoleon na Uku, ba a gano ta ba sai da aka ajiye rubutun biyu kusa da juna aka gwada su layi-layi. Taskar da ta share jabu ta hana a yi irin wannan aiki. Abin da mai karatu zai riƙe kawai shi ne tsufan takarda da launin ƙasa-ƙasa na shafinta ba su ƙara mata gaskiya ko kaɗan, domin an yi ƙarya a 1903 kamar yadda ake yi a yau.

Akwai wata karkata da ba a cika lura da ita ba, wadda dokar haƙƙin mallaka ta haifar. A Amurka, littafin da aka buga kafin 1978 yakan zama na kowa ne bayan shekara 95 a galibi, saboda haka abin da ke buɗe ga kowa a taskar ya fi yawa daga ƙarni na 19 da farkon na 20, zamanin da Turawan mulkin mallaka da masu yawon bincikensu suka rubuta tarihin rabin duniya da idonsu da son zuciyarsu. Aikin masanan da suka zo daga baya suka gyara musu kuwa yana kulle. A ɗauki tafiye-tafiyen Ibn Battuta. Wanda ya nemi fassararsu ta Ingilishi zai yi saurin cin karo da ta Samuel Lee ta 1829, wadda aka yi daga taƙaitattun kwafe na Larabci da ke Kambirij, tun kafin Defrémery da Sanguinetti su buga cikakken matanin a Faris cikin mujalladi huɗu tsakanin 1853 da 1858. Cikakkiyar fassarar Gibb mai sharhi, wadda ta fara fitowa a 1958, Beckingham ya kammala mujalladinta na huɗu a 1994, tana ƙarƙashin haƙƙin mallaka. A irin wannan sharhi na baya ne mai karatu ke sanin cewa Ibn Juzayy, wanda ya rubuta labarin daga bakin matafiyin aka kammala a 1355, ya ɗauko bayanin wasu birane kamar Dimashƙa da Makka daga Ibn Jubayr da ya rigaye shi da fiye da ƙarni ɗaya da rabi, kuma masana suna shakkar cewa Ibn Battuta ya taka ƙafarsa a birnin Bulgar da ke yankin kogin Volga. Wanda ya tsaya a abin da ya samu a sauƙaƙe zai gina bincikensa a kan ilimin da aka wuce shi tun da daɗewa.

Taskar ta yi ƙoƙarin cike wannan giɓi ta hanyar ba da aron hoton littattafan zamani, mutum ɗaya a lokaci ɗaya ga kowane kwafin takarda da take da shi. Manyan kamfanonin ɗab'i huɗu, Hachette da HarperCollins da Wiley da Penguin Random House, sun kai ta kotu a 2020, suka yi nasara a watan Maris na 2023, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin a Satumban 2024, kuma taskar ta ce an cire littattafai sama da 500,000 daga tsarin aron. Marubuta da masu ɗab'i suna da haƙƙinsu, ban musanta ba. Amma ga mai bin diddigin madogara asarar babba ce, domin sau da yawa buƙatarsa ba ta wuce shafi ɗaya ba, ya duba ko abin da aka jingina wa wani masani a shafi kaza da gaske yana wurin.

Wajibi ne kuma a san iyakar abin da hoto zai iya nunawa, kuma shahararrun jabu biyu sun bayyana wannan iyaka sarai. Takardar da aka ce Sarki Kustantin ya bai wa Fafaroma Silbesta mulkin yammacin daular Rum da ita, Lorenzo Valla ya rushe ta a 1440 da karatu kawai: ya nuna cewa Latin ɗinta ba na ƙarni na 4 ba ne, tana kiran manyan Rum da muƙamin da ba nasu ba, kuma tana ambaton Kustantiniyya a matsayin babbar kujerar addini tun kafin a kafa birnin. Irin wannan aiki ana iya yinsa daga hoton shafi ba tare da wata tawaya ba. Kundayen da mujallar Stern ta Jamus ta sanar a Afrilun 1983 cewa na Hitler ne kuwa, sun ruɗi masanin tarihi irin Hugh Trevor-Roper da farko, kuma abin da ya yanke gardama cikin makonni kaɗan shi ne gwajin da hukumar adana takardun tarayyar Jamus ta sa aka yi, wanda ya gano cewa takardar tana ɗauke da sinadarin ƙara fari da ba a fara amfani da shi ba sai bayan yaƙi, zaren ɗinkin ma na zamani ne. Konrad Kujau ne ya rubuta su da hannunsa. Babu hoton da zai nuna sinadarin takarda, ko shekarun tawada, ko alamar maƙera takarda da ake gani idan an ɗaga shafi ga haske, ko wurin da aka kankare kalma aka rubuta wata. Don haka idan gardamar a kan jikin takardar take, taskar tana iya nuna wa mutum inda zai je kawai.

Neman kalma a cikin littattafai shi ne kayan aikin da na fi amfani da shi, kuma shi ne wanda ya fi buƙatar taka-tsantsan. Manhaja ce ke karanta hoton shafi ta mayar da shi rubutu. A littafin boko mai tsaftataccen bugu tana aiki sosai. A tsohon bugu mai dusashewa, da haruffan Larabci, musamman bugun dutse, tana tuntuɓe da yawa, a rubutun hannu kuwa kusan ba a dogara da ita. Lambobi da sunaye su ne suka fi shan wahala, alhali su ne mai tarihi ya fi nema. Ƙa'idar da ke fitowa daga nan ita ce rashin samun kalma a bincike ba hujja ba ce cewa ba ta cikin littafin, kuma duk shekara ko adadin da za a ɗauka a ɗauke shi daga hoton shafin da ido. Idan hashiya ko ƙaramin rubutu ya dusashe a fayil ɗin PDF, wanda aka matse domin ya yi sauƙin saukewa, taskar tana ba da hotunan shafukan ɗaya-ɗaya masu nauyi da tsabta, kuma wannan karamci ne da ba kowace taska ke yi ba.

Inda neman kalma ya fi haskakawa shi ne wajen ƙirga shaidu. Mutum yakan ga adadi ɗaya na mayaƙa ko na mamata a littattafai goma ya ɗauka magana ta tabbata. Idan ya nemi jimlar a taskar ya jera littattafan bisa shekarun bugunsu, sau da yawa zai ga tara sun kwafa ne daga na goma, har da kuskuren ɗab'insa, shi kuma na goman bai faɗi inda ya samo ba. Shaida ɗaya ke nan aka maimaita, kuma aikin da a da yake cin watanni yanzu yana iya ƙarewa a zama ɗaya. Abin da ya rage bayan haka aikin hankali ne, irin wanda Ibn Khaldun ya yi a Muƙaddimarsa ta 1377 lokacin da ya ƙi karɓar adadin mayaƙa 600,000 da Mas'udi da wasu suka bai wa Banu Isra'ila a zamanin Annabi Musa, yana mai kafa hujja da cewa daular Farisa, wadda ta fi su girma nesa ba kusa ba, abin da ta tara a yaƙin Ƙadisiyya 120,000 ne, kuma babu filin dagar da sahun mutane masu wancan yawa zai iya yaƙi a cikinsa ɓangare ɗaya yana sanin halin da ɗayan ke ciki. Babu akwatin binciken da zai yi wa mutum wannan tunani.

Wayback Machine ya fi sashen littattafai ƙarfin isnadi ta wata fuska, domin na'urar taskar ce da kanta ta ziyarci shafin ta rubuta lokacin. A adireshin kowane shafi da aka adana akwai lambobi 14 a jere. 20090305141530, alal misali, yana nufin shekarar 2009, watan 3, ranar 5, ƙarfe 14 da minti 15 da daƙiƙa 30 agogon GMT. Bayan faɗuwar Beria, shugaban 'yan sandan asiri na Tarayyar Sobiyet, a 1953, masu buga babban kundin sani na Tarayyar Sobiyet sun aika wa masu saye sabbin shafuka, ciki har da ƙarin bayani a kan tekun Bering, domin su yanke shafukan da ke yabonsa su manna waɗannan. A takarda irin wannan aiki yana barin tabo, ana ganin yanka da gam. A intanet ana sauya shafi ba tabo ko ɗaya, kuma jerin kwafe masu kwanan wata da taskar ke ajiyewa shi ne kusan abin da kaɗai ke mayar da tabon.

Ranar 17 ga Yulin 2014, wani shafi na VKontakte, dandalin sada zumunta na Rasha, mai ɗauke da sunan Igor Girkin, jagoran 'yan awaren gabashin Yukiren da aka fi sani da Strelkov, ya wallafa cewa sun harbo jirgin sama ƙirar AN-26. Da ta bayyana cewa jirgin da ya faɗo na fasinja ne na Malesiya mai lamba MH17, wanda mutum 298 suka mutu a cikinsa, sai aka goge saƙon, amma Wayback Machine ya riga ya adana shi. Wannan misali yana nuna ƙarfin kayan aikin da iyakarsa a lokaci guda. Kwafin ya tabbatar da cewa waɗannan kalmomi suna kan wannan shafi a wannan lokaci. Bai tabbatar da wanda ya rubuta su ba, ko daga ina marubucin ya ji, kuma an yi gardama a kan ko Girkin da kansa ne ke tafiyar da shafin. Kotun Holan da ta yanke masa hukuncin ɗaurin rai da rai tare da wasu mutum biyu a Nuwamban 2022, ba ya nan, ta yi aiki da tarin hujjoji, ciki har da hirarrakin waya da aka naɗa da ɓaraguzan makami da hotuna. Haka ya kamata a riƙi duk kwafin da aka adana: zare ɗaya ne a cikin igiya.

Akwai wasu raunuka na fasaha da ya kamata mai amfani ya sani. Shafin da ake gani ba hoto guda ba ne da aka ɗauka lokaci ɗaya. Rubutun yana iya zama na wannan rana, hoton da ke cikinsa kuwa na wata rana dabam, domin taskar tana haɗa shafin ne da kwafi mafi kusa da take da shi na kowane ɓangare. Akwai maɓallin da ke nuna lokacin kowane ɓangare, kuma wanda zai kafa hujja da hoto dole ya duba shi. Ziyarar na'urar ba ta da tsari ɗaya: shahararren shafi ana iya ɗaukarsa sau da yawa a yini, ƙaramin shafi kuwa a yi shekara ba a leƙa shi ba, saboda haka ranar kwafi na farko ba ita ce ranar wallafa ba, abin da take nunawa kawai shi ne rubutun bai wuce wannan rana ba wajen fitowa. Abin da ke bayan kalmar sirri, da yawancin abin da ke cikin dandalin sada zumunta, ba ya shiga yadda ya kamata. Masu shafi suna iya neman a ɓoye nasu. Ta ɗaya ɓangaren, maɓallin Save Page Now na taskar yana bai wa kowa damar sa a adana shafi nan take, abin da nake ganin ya kamata duk mai rubutu ya mayar da shi ɗabi'a kafin ya kafa hujja da wani adireshi, tare da sanin cewa maƙaryaci ma yana iya adana ƙaryarsa ta wannan hanya, kuma kwanan watan zai zama gaskiya ko da abin da ke ciki ba gaskiya ba ne.

Ita kanta taskar ba ta fi ƙarfin ƙaddara ba. A Oktoban 2024 masu kutse sun kai mata hari, bayanan rajistar mutane kimanin miliyan 31 suka fita, ayyukanta suka tsaya na kwanaki. Ƙungiya ce guda ɗaya, mai dogaro da gudummawa, a ƙarƙashin dokar ƙasa ɗaya, kuma abin damuwa ne ƙwarai a ce ƙwaƙwalwar intanet ta rataya a wuyanta kusan ita kaɗai. Mai bincike ya sauke kwafin duk abin da aikinsa ya dogara a kai, kuma idan zai ambaci madogara ya ambaci littafin kansa, da mawallafi da maɗaba'a da shekara da shafi, sannan ya ƙara adireshin taskar a matsayin inda ya gani.

Ga ɗalibi mai rubuta kundin digiri, da ɗan jarida mai tantance magana, da malamin da ke son ya nuna wa ɗalibansa yadda ake komawa tushe, ina ba da shawarar amfani da ita ba tare da jinkiri ba, da sharaɗin a fara da ƙasan shafi kafin samansa, a ga wanda ya kawo kwafin, a duba shafin farko na littafin da na ƙarshe, a tabbatar da bugun, sannan a nemi abin da masanan baya-bayan nan suka ce game da shi a wani wuri. Wanda aikinsa ya shafi rubuce-rubucen hannu, ko takardun da ake gardamar asalinsu, ko tarihin shekarun da littattafansu ke ƙarƙashin haƙƙin mallaka, zai same ta da amfani a matakin farko kawai, sauran aikin yana ɗakin adana takardu da ɗakin karatu.